Agwagin Inna a Gidan Siminti

A cikin kwalin taliya suka iso Kano, su uku, kwana biyu bayan ƙaramar Sallah. Tsohuwar da ta riƙo su a cinya tun daga wani ƙauye na bakin fadama a ƙasar Haɗeja tsaraba ta kawo wa jikarta mai shekara takwas, wadda ta taɓa zuwa hutu ƙauyen, ta yini tana bin 'ya'yan agwagwa a bakin ruwa, ta dawo birni ba ta da zance sai nasu. Kafin la'asar yarinyar ta raɗa wa kowanne suna. Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta, amma duk wanda ya san gidajen 'yan boko na yanzu ya san abin da yaro ya raɗa wa suna ya fi ƙarfin wuƙa. Tun daga ranar agwagin nan suka zama 'yan gida.

Uwar yarinyar mai harhaɗa magunguna ce a wani asibiti, mijinta akanta ne. Gidansu irin sababbin gidajen nan ne na bayan gari da aka shimfiɗe tsakar gida da intalok daga ƙofa har katanga, ba a bar ƙasa ko tafin hannu ba sai zagayen gindin mangwaro ɗaya. Ta yi abin da take ganin shi ne tsari: ta sa aka ƙera keji na waya, ta sayo buhun abincin 'yan tsaki, da mazubin ruwa na roba irin na masu kiwon kaji, wanda tsuntsu ke tsoma tsinin baki kawai ya sha. Kullum ana wanke kejin. Abinci bai taɓa yankewa ba.

Da tsohuwar ta dawo ganin likitan ido bayan wata biyu, ta daɗe tsaye a gaban kejin ba ta ce komai ba. Agwagin sun girma, amma gashinsu ya cukurkuɗe ya yi dauɗa, idanunsu sun yi kwantsa, ɗaya kuma in ta yi taku uku sai ta durƙushe.

"Ke 'yar nan," in ji ta, don ba ta kama sunan 'yar fari, "me suka yi muku kuka ɗaure su?"

"Inna, nan birni ne. In aka sake su mota za ta take su."

"To a nan ɗin ba mutuwar suke yi ba? Agwagwa da yawo aka san ta. Ku buɗe musu ƙofa, ita ta san abin da za ta ci."

Wannan ita ce gardamar da duk mai ajiye agwagwa don sha'awa yake cin karo da ita, ko a Kano yake ko a Landan: dole ne a sake ta ta yi yawo, ko za ta iya rayuwa lafiya a killace? Kowacce cikin matan biyu tana da gaskiyarta, kuma kowacce akwai abin da ya shige mata duhu. Kafin a raba gardamar sai an san wace ce agwagwar, da abin da take samu a yawon da keji ya hana ta.

Agwagwar da aka sani a ƙasar Hausa, mai jan nama a fuska, wadda toronta ke huci maimakon kuka, baƙuwa ce da ta daɗe har aka manta baƙuncinta. Asalinta dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, inda mutanen ƙasar suka mayar da ita ta gida tun kafin zuwan Turawa, daga baya jiragen ruwa suka yaɗa ta a duniya. Turawa suna danganta sunanta da Mosko, alhali ba abin da ya haɗa ta da Rasha. Ta bambanta da fararen agwagin gonakin Turai da Sin: tana da ƙumba masu kaifi, tana hawa bishiya da katanga ta kwana, macen tana tashi sama sosai, kuma ba ta kai su son iyo ba. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci ga wanda ba shi da kududdufi a bayan gida.

Sai dai rashin son iyo bai raba ta da ruwa ba. Bakin agwagwa mai faɗi ne, a gefensa akwai wasu ƙananan tsage-tsage kamar haƙoran mataji, da su take tace laka da ruwa ta tsinci abin ci. Kaza tsattsaga take yi ta haɗiye, ita kuwa agwagwa sai ta cika baki da busasshen abinci ta nufi ruwa ta kora, in babu ruwa kusa tana iya shaƙewa. Garin abincin yana toshe mata ƙofofin hanci, ƙura tana taruwa a idonta, kuma ba ta da wata hanyar wanke su sai ta nutsa kanta gaba ɗaya cikin ruwa ta fyace. Bayan haka, a gindin wutsiyarta akwai wani ɗan ƙullutu mai fitar da maiƙo. Idan ta jiƙa jikinta sai ta zauna ta lakato maiƙon da baki ta bi gashinta ɗaya bayan ɗaya tana shafawa, wanda shi ke sa ruwa ya riƙa zamewa daga jikinta. Wankan ne ke tayar mata da wannan aiki. Agwagwar da aka ba mazubin ruwan kaji tana shan ruwa ta ƙoshi, amma ba ta wanke ido, ba ta fyace hanci, ba ta gyara gashi. Abin da tsohuwar ta gani a keji ke nan.

An taɓa auna wannan a kimiyyance. A 2009 wasu masu bincike a Jami'ar Okusfod ta Ingila, ƙarƙashin Farfesa Marian Dawkins, suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi da fararen agwagin gona. Wasu an ba su wurin wanka, wasu kwamin ruwa, wasu shawa mai yayyafi, wasu kuma bututun shan ruwa kawai. Na rukunin ƙarshe su ne suka fi dauɗar gashi da ido da hanci, sauran kuwa duk sun yi kyau, kuma kwami da shawa ba su gaza wurin wankan ba. Jaridun Birtaniya sun yi ta ba'a, wai an kashe kuɗin jama'a don a gano agwagwa tana son ruwa. Ba'ar ta yi daɗi, amma ta tsallake abin da aka gano: ba tafki agwagwa ke bukata ba, ruwan da zai rufe kanta ya jiƙa jikinta ya wadatar. Wato bahon roba na wanki, in ana sauya ruwansa kullum, ya biya wannan bukata.

Ɗingishin kuwa daga wurare biyu yake zuwa. Tafin ƙafar agwagwa fata ce mai taushi da aka yi don laka da ciyawa. Waya da siminti mai kaushi suna goge ta, ƙwayoyin cuta su shiga ta wurin gogewar, sai ka ga kumburi mai mugunya a ƙarƙashin ƙafa, musamman ga toro, wanda nauyinsa kan kusan ninka na mace. Na biyu shi ne abinci. 'Ya'yan agwagwa sun fi 'yan tsaki bukatar sinadarin nayasin, wato bitamin B3, kuma abincin da aka haɗa don kaji ba lallai ya ishe su ba. Idan ya yi ƙaranci, ƙafafu su ke fara nunawa: su lanƙwashe, gwiwa ta kumbura, tsuntsuwa ta riƙa durƙushewa. A ƙauye ba wanda ya taɓa jin sunan nayasin, amma agwagwar da ke yini tana cin tana da gara da fara da dodon koɗi da ɗanyen ganye tana cike giɓin da kanta. Da likitan dabbobi ya faɗa wa mai harhaɗa magungunan haka, dariyar takaici ta yi, don kwalaben bitamin ɗin suna jere a kan kantarta a wurin aiki.

Amma wannan daga baya ne. A ranar dai maganar uwa ta rinjaya, kamar yadda takan rinjaya, aka buɗe keji, aka kuma bar ƙaramar ƙofar gida a buɗe.

Kwanakin farko sun gaskata tsohuwar. Agwagin suka miƙe, suka riƙa baza fukafukai, gashinsu ya fara kwanciya. Sai dai yawon da ta sani yawon fadama ne, inda ruwa ke gudana, ciyawa ke tsirowa, abin tsoro bai wuce shirwa da muzuru ba. Titin unguwa a Kano wani abu ne daban. Kududdufan da tsohon birni ya yi suna da su, waɗanda aka haƙa don ɗiban ƙasar gini, an cike da yawa daga cikinsu an yi gini a kai, sababbin unguwanni kuwa ba su taɓa samun su ba. Ruwan da agwagwa za ta tarar a waje na kwata ne, mai ɗauke da kumfar sabulu da baƙin man bakanike da leda da abin da ya fi wannan muni. Ita kuma ba ta da ƙyama, duk abin da bakinta ya tace haɗiyewa take yi, har ƙusa da guntun waya da shinkafar ɓera da wani ya zuba a bayan shagonsa. Ruɓaɓɓen ruwa mai ɗumi, musamman in akwai mushe a ciki, yana haifar da wata guba da ke shanye jijiyoyin tsuntsu har wuyansa ya kasa ɗaukar kansa. Sunan ƙazama da agwagwa ta yi a bakin mutane, har wasu ba sa cin namanta, daga nan ya samo asali. Tsuntsuwar da ta fi kowace tsuntsuwar gida son wanka ita aka laƙaba wa ƙazanta, saboda kwata ce kaɗai wurin wankan da aka bar mata.

A mako na biyu maƙwabcinsu, wani dattijo mai ritaya da ke shimfiɗa darduma a dakalin ƙofar gidansa, ya yi sallama da maigidan. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Alhaji, agwagin nan naku sun mayar da dakalina masauki, kuma na ga inda suke kiwo." Maganar tana da tushe a fiƙihu, ba ƙorafin tsufa kawai ba ce. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shehu Halil, kashin dabba ko tsuntsun da ake cin namansa mai tsarki ne, sai fa in yana cin najasa. Ke nan agwagwar da ake ciyarwa a gida hukuncin kashinta daban, wadda ke kiwo a kwata hukuncin nata daban, kuma dattijon ya san wannan sarai. Kashin agwagwa kuwa ruwa-ruwa ne, ga yawa, ba irin na kaza da ake sharewa da tsintsiya ba.

Kafin a yanke shawarar abin yi, a-daidaita-sahu ya yanke. Ɗaya daga cikin matan biyu, wadda ɗingishinta bai gama warkewa ba, ita ce ta kasa tsallake titi da sauri. Yarinyar ce ta tsinto ta da ta dawo daga Islamiyya. Ta yi kwana biyu ba ta yi wa kakarta wasan da suka saba ba, tsohuwar kuma ta koma ƙauye ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Akwai wani dalili na killacewa da ya wuce gida ɗaya, kuma shi ne wanda ma'aikaciyar lafiya ta fi ganewa. Tsuntsayen ruwa na daji su ne matattarar ƙwayoyin murar tsuntsaye, agwagin gida kuma suna iya ɗaukar cutar su yaɗa ta ba tare da sun nuna alama sosai ba, yayin da kaji ke zubewa. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da nau'in H5N1 a wata gonar kaji a Jaji, jihar Kaduna, karo na farko a dabbobin kiwo na Afirka, kuma kafin watan ya ƙare aka same shi a jikin agwagin gida a Magarya, cikin jihar Damagaram ta Nijar. Fadamun Haɗeja da Nguru, inda kakar ta fito, masauki ne na tsuntsayen ruwa da ke tsallako Sahara daga Turai duk hunturu, su haɗu da dinya da kirinjijiya na gida. A Ingila, lokacin da cutar ta yi tsanani, gwamnati ta tilasta wa kowa killace tsuntsayensa daga Nuwamban 2022 zuwa Afrilun 2023, har da mai agwagwa biyu a bayan ɗaki. Agwagin sha'awa da yawa sun yi watannin nan biyar ba su taka waje ba, suka fito lafiya, a gidajen da aka san abin da za a tanadar musu.

A nan ne hadisin nan na matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, yake da abin cewa. Laifin da aka ambata mata shi ne ta tsare kyanwar, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abin ci da kanta ba. Malamai sun fahimci halaccin tsare dabba daga nan, muddin mai tsarewa ya ɗauki nauyinta. Abin lura shi ne nauyin agwagwa ya fi buhun abinci faɗi. Duk abin da fadama ke ba ta kyauta, ruwan nutsa kai, ƙasa mai taushi, ƙwari, ganye, inuwa, da aikin da baki zai yini yana yi, ya koma bashi a wuyan wanda ya rufe ƙofa. Kejin farko abinci da ruwan sha kawai ya biya, ya bar sauran.

Gyaran da aka yi bai ci kuɗin a zo a gani ba. An ɗaga intalok ɗin da ke kewaye da mangwaron, wajen mita uku a mita huɗu, aka zuba yashi, aka kewaye da raga har sama don tsuntsayen waje kada su riƙa sauka a kan abinci. A kusurwar kwana aka shimfiɗa ɓuntun shinkafa, ana kwashe shi idan ya jiƙe. Aka ajiye baho biyu, ƙarami kusa da abinci, babba na wanka a can gefe, ruwan da aka zubar kuma gindin mangwaro yake sha. A bazara, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, wannan bahon shi ne fankarsu, don tsuntsu ba ya gumi. Ragowar alayyafo da latas da ganyen zogale ana yayyanka su a watsa cikin ruwan, su yini suna tacewa. Mai gadi, wanda shi ma ɗan ƙauye ne, ya koya wa yarinyar kifa tsohuwar tukunya cike da karmami da busasshen kashin shanu mai ɗan danshi a bayan gida, gara ta taru, a juye musu. Da yamma kuma, bayan an kulle ƙofar waje, ana buɗe musu su zagaya tsakar gida na kamar awa guda, su bi ƙuda da kyankyaso, sannan a wanke wurin. Wannan awa guda ba dole ba ce ga lafiyarsu in wurin zamansu ya wadata, amma wanda ya ga yadda suke jeruwa a bakin raga idan la'asar ta yi sanyi ba zai so ya hana su ita ba.

Wuri ɗaya aka kusa yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Da aka ce nayasin, sai maigidan ya tuna gyaɗa tana da shi da yawa, ya sayo tunkuza mai araha a kasuwa. Matarsa ta shinshina ta ce a zubar. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna suna ɗauke da gubar afalatoksin, kuma cikin tsuntsayen gida 'ya'yan agwagwa suna cikin waɗanda ta fi saurin kashewa. Ita kanta gubar an gano ta ne bayan 1960, shekarar da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda garin gyaɗar da aka shigo da shi daga Barazil, har masu bincike suka riƙa amfani da 'ya'yan agwagwa wajen gwada ko abinci yana da ita. Agwagwar da ke yawo tana iya barin abin da bai yi mata ba ta nemi wani. Wadda ke killace abin da aka zuba mata shi za ta ci.

Matsalar ƙarshe ba wanda ya hango ta. Mutuwar mace ɗaya ta bar toro da mace ɗaya, kuma da suka balaga sai toron ya dame ta, har bayan wuyanta ya fige. A sake, macen takan tashi ta haye katanga ta huta. A cikin raga ba ta da mafaka. Aka buga wa tsohuwar waya, ita kuwa ba ta ce "na faɗa muku" ba, sai ta aiko da mata biyu a motar kasuwa. 'Yarta ta ware su a tsohon kejin na mako biyu tana duba su kafin ta haɗa su da na gida, abin da tsohuwar ta kira wulaƙanta baƙi.

Har yau ba su daidaita ba. Duk zuwan da kakar za ta yi sai ta tsaya a gaban ragar ta yaba ƙyallin gashinsu, sannan ta ƙara da cewa na ƙauye sun fi su wayo. Wataƙila ma haka ne.

Da damina ta kama, macen farko ta tara ƙwai goma sha ɗaya a bayan babban baho, ta fige gashin ƙirjinta ta lulluɓe su, ta kwanta. Yarinyar ta ƙirga kwana 21 a kalanda, don haka aka koya musu a makaranta game da kaza, ba abin da ya fito. Ta ƙara mako guda, shiru. Uwar ta yanke cewa ƙwan sun lalace, za ta kwashe su kafin su fashe su yi wari, amma ta fara kiran ƙauye.

"Kada ki taɓa," in ji tsohuwar. "Agwagwa sai ta yi wata da kwana biyar."

A kwana na 35 takwas suka ƙyanƙyashe. Yanzu agwagi goma sha biyu ne a wurin da aka auna don huɗu, yarinyar ta riga ta raɗa wa takwas ɗin suna, maigidan kuma an gan shi ranar Asabar da tef ɗin awo a hannu, yana duban sauran intalok ɗin da ke tsakanin mangwaro da inda yake ajiye mota.